Dusar Ƙanƙara Inci Biyu Da Rabi Da Ta Tsayar Da Atlanta, Da Yadda Ake Koya Wa Yaran Amurka Tuƙi

Ran Talata 28 ga watan Janairu na 2014, da misalin tsakar rana, dusar ƙanƙara ta fara zuba a birnin Atlanta, babban birnin jihar Jojiya ta kudancin Amurka. Ba wata mai yawa ba ce. Da aka auna daga baya, inci 2.6 aka samu, watau ko tsawon babban ɗan yatsan mutum ba ta kai ba. Amma kafin magariba ta yi, birnin da shi da kewayensa ke ɗauke da mutane fiye da miliyan 5 ya tsaya cik. Manyan hanyoyi masu layi biyar-biyar da shida-shida suka zama kamar tashar mota. Tafiyar da a kullum ake yi cikin minti 30, ran nan wasu sun yi awa 10 a kanta, wasu kuwa har gari ya waye ba su isa gida ba.

Yara dubbai suka kwana a makarantunsu, malamai na shimfiɗa musu tabarmin wasanni a ƙasa, wasu yaran ma cikin motocin safa na makaranta dare ya riske su a kan hanya. Mutane suka bar motocinsu inda suke suka taka a ƙasa, masu manyan kantuna suka buɗe musu ƙofa suka kwana tsakanin kantocin kaya. Wata mata ta haihu a cikin mota a gefen babbar hanyar nan mai lamba 285 wadda ta kewaye birnin, mijinta da wani ɗan sanda su ne ungozoma. Haɗarin mota kuwa, 'yan sandan jihar sun ƙidaya fiye da 1,000. A jihar Alabama da ke maƙwabtaka, a birnin Bamingam, wani likitan fiɗar ƙwaƙwalwa mai suna Zenko Hrynkiw, mai shekara 62 a lokacin, ya ga motarsa ta ƙi gaba ta ƙi baya alhali ana jiransa a wani asibiti, sai ya fita ya taka mil 6 cikin sanyin nan, ya je ya yi wa majinyacin aiki.

Mutanen arewacin Amurka da suka ga wannan a talabijin, dariya suka yi ta yi har da riƙe ciki. Masu wasan barkwanci suka sami abin yi na mako guda. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Birnin Bafalo na jihar Niyok yakan sami dusar ƙanƙara wajen inci 95 a shekara, Sirakus kuwa ta fi inci 100, amma yara na zuwa makaranta, ma'aikata na zuwa ofis. Ga mutumin can, inci biyu da rabi abu ne da zai share daga gilashin motarsa da hannun riga ya kama hanya. To, me ya sa abin da bai hana yaro ɗan shekara 16 fita da mota a Minisota ba, ya durƙusar da birnin da ya karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na 1996?

BA A DIREBA KAƊAI LAIFIN YAKE BA

Mai karatu da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kada ya haɗa ta da ƙanƙarar nan mai kamar tsakuwa da kan zubo da farkon damina ta farfasa ganyen dawa. Wannan laushi gare ta kamar audugar da aka shiɓe, kuma in ta sauka kan kwalta cikin matsanancin sanyi, a bushe take zama, taya na iya kama ta gwargwado. Inda ɓarnar take shi ne in ta sauka a kan kwaltar da ke da ɗan sauran ɗumi. Sai ta narke, tayoyin motoci su ƙara murje ta, sa'an nan sanyi ya ƙara sauka, ruwan nan ya daskare ya zama wani siririn faifai mai sheƙi wanda ido ba ya rarrabe shi da jiƙaƙƙiyar kwalta. Turawa na kiransa baƙar ƙanƙara, don launin kwaltar ake gani ta cikinsa. Abin da ya faru a Atlanta ke nan. A kan irin wannan, littafin dokokin hanya na Ingila ya ce nisan da mota ke bukata kafin ta tsaya yana iya ninka na busasshiyar hanya har sau 10. Mutumin Bafalo ma in aka ɗora shi a kai, sulɓewa zai yi kamar kowa.

Gadoji sun fi ko'ina haɗari, domin iska mai sanyi tana ratsa su ta sama da ta ƙasa, suna daskarewa tun sauran hanya na nan lafiya lau. Atlanta kuwa gari ne na tuddai da gangare da gadojin sama masu hawa kan juna. Da manyan tireloli suka fara kasa hawa tudu, suna karkacewa suna gindaye hanya, shi ke nan, magana ta ƙare.

Sai kuma kayan aiki. Jihohin arewa suna da rundunar motocin share hanya da na watsa gishiri, da rumbunan gishirin da ake cikawa tun kaka. Gishiri yana hana ruwa daskarewa har sai sanyi ya kai wajen digiri 9 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, inda ƙarfinsa ke raguwa ƙwarai. Amurka takan zuba wa hanyoyinta gishiri kimanin tan miliyan 20 a shekara, kusan duka a arewa, abin da ya sa ma mai sayen tsohuwar mota a ƙasar yakan tambayi jihar da ta fito, don gishirin nan yana cin ƙarfen gindin mota da tsatsa. Birnin da dusar ƙanƙararsa ta shekara take wajen inci 2, wata shekarar ma ko ƙwaya ba ta sauka, da wuya majalisarsa ta yarda ta kashe maƙudan kuɗi a kan motocin da za su yi shekara uku suna shan rana. Atlanta ta ƙara sayen wasu bayan wahalar da ta sha a Janairun 2011, amma ran 28 ga wata su kansu motocin gishirin cikin cunkoson suka maƙale.

Babban kuskuren dai na shugabanni ne. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa ta fitar da gargaɗi tun kafin asuba, amma aka buɗe makarantu da ofisoshi kamar kullum. Da dusar ta fara zuba, sai makarantu da ma'aikatun gwamnati da kamfanoni duk suka sallami mutanensu kusan a lokaci guda, a garin da yawancin jama'a ba su da hanyar zuwa gida sai motar kansu. Gwamnan jihar na lokacin, Nathan Deal, da farko ya ce abin ya zo musu ba zato, masana yanayi suka yi masa caa, bayan kwana biyu ya fito ya nemi gafara. Magajin gari Kasim Reed shi ma ya yarda cewa da an sallami mutane rukuni-rukuni da abin bai kai haka ba. Abin mamaki, ba wannan ne karo na farko ba. Ran 12 ga Janairun 1982 irin wannan ta faru a garin, har tsofaffi suna ba da labarinta. A Rali ta jihar Karolina ta Arewa, ran 19 ga Janairun 2005, dusar da ko inci 1 ba ta cika ba ta sa yara kimanin 3,000 kwana a makaranta. Kai, har Washinton ba ta tsira ba: ran 20 ga Janairun 2016, inci 1 ya hargitsa birnin, ayarin motocin Shugaba Obama kansa ya yi fiye da awa guda a tafiyar da ba ta saba kai rabin haka ba.

ƊAN SHEKARA 16 A BAYAN SITIYARI

Abin da ya sa wannan magana ta wuce ta barkwanci tsakanin kudu da arewa shi ne, a cikin masu riƙe da sitiyari a irin wannan rana akwai yara. A Nijeriya sai mutum ya cika shekara 18 yake samun lasin. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma yawancinsu suna ba yaro takardar koyo yana ɗan 15, su ba shi lasin yana ɗan 16. A jihohin manoma irin Dakota ta Kudu, inda gona da makaranta kan yi nisan mil da yawa, tun yana ɗan 14 yake fara koyo. Jihar Niyu Jazi ce mai tsauri, sai 17. Dalilin wannan gaggawa shi ne yadda aka gina ƙasar. In ka fita daga 'yan manyan birane, babu bas babu jirgi, yaron da ba ya tuƙi ba shi da hanyar zuwa wurin ɗan aikinsa na yamma ko filin wasa, sai uwarsa ko ubansa sun bar abin da suke yi sun kai shi. Saboda haka iyaye da yawa sun fi yaran ɗokin ranar karɓar lasin.

Amma fa ana biyan farashin wannan da rayuka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa, in aka auna da nisan tafiya, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 sun fi waɗanda suka kai 20 shiga haɗarin da ke kisa kusan ninki 3. A 2020 kaɗai matasa kimanin 2,800 'yan 13 zuwa 19 suka mutu a kan hanyoyin ƙasar. Watannin farko bayan karɓar lasin su ne mafi muni, kuma haɗarin yana ƙaruwa da dare, yana ƙaruwa in akwai abokai a cikin motar.

Amurkawa sun daɗe suna neman magani. A 1934 wani malami mai suna Amos Neyhart ya fara koyar da tuƙi a wata makarantar sakandare a jihar Fensilbaniya, da motarsa ta kansa, daga nan darasin ya bazu a makarantun gwamnati. An daɗe ana zaton an gama. Sai a ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta shirya wani babban gwaji a gundumar DeKalb, wadda ke nan gefen Atlanta, da ɗalibai wajen 16,000. Aka ba wasu horo mai zurfi, wasu ɗan kaɗan, wasu ba a ba su ko kaɗan ba, sa'an nan aka bi sawunsu. Sakamakon ya kashe wa kowa jiki: ɗan bambancin da aka gani a farko bai daɗe ba ya shuɗe, ga shi kuma waɗanda suka sami horon sun fi saurin karɓar lasin, watau sun fi saurin hawa hanya. Bayan haka makarantu da yawa suka yar da darasin, nauyin ya koma kan iyaye da makarantun kuɗi.

Abin da ya yi amfani daga baya shi ne ba da lasin mataki-mataki. Niyu Zilan ce ta fara a 1987, lardin Ontariyo na Kanada ya bi a 1994, jihar Fulorida a 1996, yau kuwa kowace jihar Amurka tana da irin nata. A Jojiya, yaro zai riƙe takardar koyo shekara guda, ya yi awa 30 na darasi, ya yi awa 40 yana tuƙi babba na gefensa, 6 daga ciki da dare. In ya sami lasin, ba ya tuƙi daga 12 na dare zuwa 5 na asuba, kuma wata 6 na farko ba ya ɗaukar kowa sai 'yan gidansu. Sashen dokar da ya tilasta darasin ana kiransa Dokar Joshua, sunan wani saurayi ɗan 17 da ya rasu a 2003 bayan motarsa ta hau ruwan da ya kwanta a kan kwalta ta ƙwace ta bugi itace. Mahaifinsa ne ya yi ta kai da kawowa har majalisar jiha ta zartar da ita a 2005, ta fara aiki a 2007.

To, a nan ne maganar yanki ta sake shigowa. Yaron Atlanta yana iya cika awa 40 ɗin nan cif, ya ci jarrabawa, ya yi shekara biyu yana tuƙi, tayarsa ba ta taɓa taka ƙanƙara ba. Ubansa da ke zaune gefensa yana koya masa, shi ma wataƙila sau biyu ko uku ya taɓa gamuwa da ita duk rayuwarsa, kuma ba lalle ne ya fita lafiya ba. Ba ka iya ba da abin da ba ka da shi. Yaron Mishigan kuwa, wanda dokarsu ta ce awa 50, in koyonsa ya ratsa hunturu, ba makawa sai ya ɗanɗana.

DARASIN FILIN AJIYE MOTOCI

Akwai wata al'ada a jihohin arewa da Kanada wadda ba doka ce ta kafa ta ba. In dusar farko ta sauka, musamman safiyar Lahadi, uba ko uwa sukan ɗauki yaro su tafi filin ajiye motoci na wata makaranta ko babban kanti da ba a buɗe ba, inda babu abin da za a buga sai turakun fitila. A sa shi ya ja motar a hankali, sa'an nan a ce ya taka birki da ƙarfi. Motar ta sulɓe, gaban yaro ya faɗi, a ce ya sake. Ana so jikinsa ya san yadda mota ke yi in taya ta saki ƙasa, tun a wurin da kuskure ba ya kisa.

Abubuwan da ake koya masa ba su da yawa, amma duk sun saɓa wa abin da tsoro ke sa mutum ya yi. In bayan mota ya fara zamewa, ya ɗaga ƙafa daga totur, kada ya daka birki, ya juya sitiyari a hankali zuwa ɓangaren da bayan ya nufa, idonsa kuma ya kasance a inda yake so motar ta je, domin hannu ido yake bi, wanda ya zuba wa turke ido turken zai samu. In zai hau tudu, ya tara gudunsa tun daga ƙasa, kada ya tsaya a tsakiya. Ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba. A nan ma akwai wani ruɗani tsakanin tsara da tsara. Iyayen da suka koyi tuƙi a shekarun 1970 an koya musu su riƙa taka birki suna saki, suna takawa suna saki, don kada tayoyi su kulle. Motocin yanzu suna da na'urar ABS da ke yin wannan da kanta sau da yawa cikin daƙiƙa guda, abin da ake so kawai direba ya taka ya riƙe, ko da ya ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Yaron da ba a taɓa nuna masa ba, da ya ji karkarwar nan sai ya zaci wani abu ya lalace ya saki.

Haka kuma mota mai jan taya huɗu takan yaudari mai ita. Tana taimakonsa ya tashi, amma wajen tsayawa ba ta fi ƙaramar mota komai ba, tun da kowace mota da taya huɗu take birki. Abin da ke kawo bambanci na gaske shi ne tayar hunturu, wadda robarta ba ta sandarewa a sanyi. Lardin Kubek na Kanada ya tilasta ta tun 2008, Suwidin ma ta tilasta daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin hanya na cikin halin hunturu. A Jojiya ba wanda zai sayi tayoyi huɗu don kwana biyu a shekara, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Mai hankali zai ce, to me zai hana a tilasta wa kowane yaro wannan darasi na santsi, a gina filaye domin haka? An yi. A Suwidin da Norwe ba a ba da lasin sai an je filin santsi na musamman. Amma labarin Norwe yana da ban tsoro. Ta shigar da horon a 1979, da masu bincike na cibiyar nazarin sufuri ta Oslo suka duba sakamakon a 1988, sai suka tarar haɗarin samari a kan hanya mai santsi ƙaruwa ya yi. Ashe yaron da aka koya wa kamo mota sau biyar a fili, fita yake yana ganin ya zama gwani, sai ya ƙara gudu a inda da can tsoro zai sa ya rage. Ƙwarewar kuwa ta awa biyu ce, ba ta kai inda girman kan ya kai ba. Saboda haka ƙasashen suka juya manufar darasin. Yanzu abin da ake so yaro ya gani a filin shi ne yadda ƙarin gudu ɗan kaɗan ke sa shi wuce wurin tsayawa da nisa, ya fita yana jin tsoron ƙanƙara fiye da yadda ya shiga.

Su ma mutanen arewa masu dariya, alƙaluma ba su goyi bayansu gaba ɗaya ba. Wani bincike da aka buga a 2005 a mujallar kiwon lafiyar jama'a ta Amurka, wanda ya duba haɗurran shekarun 1975 zuwa 2000, ya gano cewa ranar dusar farko ta kowace shekara ta fi sauran ranakun dusa kisa, watau gwanayen ma sukan manta cikin watannin bazara sai sun sake koyo. Kuma in abin ya yi yawa, gwaninta ba ta ceto: guguwar dusar da ta faɗa wa Bafalo a Disambar 2022 ta kashe mutane fiye da 40 a yankin, wasunsu a cikin motocinsu aka same su. A kudu kuwa, ran 11 ga Fabrairun 2021, ɗan yayyafin da ya daskare a kan wata babbar hanya a Fot Wat ta jihar Tekzas ya haɗa motoci fiye da 130 a karo guda, mutum 6 suka mutu.

Mako biyu bayan wahalar Atlanta, a tsakiyar Fabrairun 2014, wata guguwar da ta fi ta farko ƙanƙara ta sake nufo birnin. Wannan karon gwamna ya kafa dokar ta-ɓaci tun kafin ɗigo ɗaya ya sauka, aka rufe makarantu, jama'a suka wawashe burodi da madara a kantuna suka kulle kansu a gida. Bishiyoyi sun karye, gidaje dubu ɗaruruwa sun rasa wutar lantarki, amma hanyoyin da mako biyu da suka wuce ke cike da motocin da aka yasar, ran nan fayau suke, sai motocin gishiri ke kai da kawowa. Tun daga lokacin jihar ta koma fesa ruwan gishiri a manyan hanyoyi kwana guda ko biyu kafin dusa ta iso, makarantun kudu kuma sukan rufe da zarar an yi hasashe, ko da daga baya ba abin da ya sauka, iyaye su yi ta gunaguni. Ran 21 ga Janairun 2025, da dusar da ba a ga irinta ba cikin shekaru fiye da 100 ta sauka a Niyu Olins, inci 8, ta kuma zarce inci 8 a arewa maso yammacin Fulorida inda mafi yawan da aka taɓa aunawa a jihar shi ne inci 4 a 1954, hukumomi rufe dogayen sassa na babbar hanya mai lamba 10 suka yi, ga babba ga yaro, har sai da rana ta narkar da ita.